Sana'ar buga wasan cike gurbi ga makarantun firamare a Nima

Shagona yana kan hanyar da ta haɗa Nima da New Town, unguwar da injinan buga takardu ba sa hutawa a Accra. Da katin biki na fara, da kalanda, da takardun jarrabawar makarantun kuɗi. Yanzu abin da ya fi kawo mini malamai shi ne wasan cike gurbi, wato akwatunan nan da ake jerawa a tsaye da a kwance, yaro ya karanta tambaya ya cike amsar harafi bayan harafi. Kowane biki da nasa nake haɗawa.

Wasan ba sabo ba ne. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara fitar da irinsa a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, ana saura kwana huɗu Kirsimeti. A intanet ma akwai su birjik, kyauta. To me zai sa malami ya biya ni? Ya sauko da guda ya gani. Zai tarar da tambaya a kan dusar ƙanƙara, ko talotalon bikin godiya na Amurka. Yaron Mamobi, maƙwabciyar Nima, sanyin hunturu ya sani, da ƙura, da leɓe mai tsagewa. In aka ba shi waccan takarda, aiki biyu aka ɗora masa: ya gano mene ne abin, sannan ya nemo sunansa.

Yaranmu Hausa suke yi a gida da kan layi, a aji kuma Turanci. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makarantun Ghana, don haka nauyin Turancin yana faɗo musu da wuri. Amfanin biki a nan yake. Ɗan aji uku ya ja igiyar ragon layya, ya ga an duba wata, an ɗinka masa sababbin kaya. Abin yana kansa, sunansa na Turanci da rubutunsa kawai ya rage. Na zana rago na ba shi gurbi uku, na zana wata na ba shi huɗu. In ya rage harafi, gurbi ɗaya zai zauna fayau yana kallonsa. In ya rubuta ba daidai ba, kalmar da ta gicciye ta ba za ta shiga ba. Takardar ce ke gyara shi tun malami bai ɗauko jan biro ba.

Haɗa guda ɗaya yana cin lokaci fiye da bugawa. Sai na karɓi kalmomin zangon daga malamin ajin, na gauraya su da na bikin. 'Yan aji biyu da uku kalma takwas zuwa goma ta ishe su, da hoto a madadin tambaya, da jerin amsoshin a hargitse a ƙasan takarda. Daga aji biyar nake cire jerin, tambayar ta koma jimla. Kwamfuta takan jera akwatunan cikin ƙiftawar ido, amma ba ta san hannun yaro ba. Ɗan shekara bakwai harafinsa ƙato ne, yana danna fensir, yana gogewa har takarda ta huje. Shi ya sa nake faɗaɗa gurbin, kuma ba na buga wa ƙananan aji a takarda mai shara-shara ko da mai makaranta ya nemi ragi.

Na ranar 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kan Ghana, ya fi kowanne kasuwa. Yara na ta atisayen fareti, sunan Kwame Nkrumah da shekarar 1957 suna bakin kowa, ga launukan tuta da baƙin tauraro, ga Theodosia Okoh da ta tsara tutar. Ranar Manoma, Juma'ar farko ta Disamba, takan ba ni koko da rogo da doya da adda. Na Homowo ma, wato bikin girbi na ƙabilar Ga, nakan yi, tunda a ƙasarsu muke zaune, kuma aji ɗaya zai haɗa ɗan Musulmi da ɗan Kirista. Wata shugabar makaranta ta taɓa ce mini, "Malam, na Sallah kawai za ka kawo." Na ce, "Hajiya, jarrabawa ba za ta tambayi yaro addininsa ba, bari su san kalmomin maƙwabta." Ta karɓi duka.

Wahalar sana'ar lokaci ce. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wani sa'in ta faɗo cikin hutu, kuma ranar ƙaramar ba ta tabbata sai an ji daga ofishin babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Don haka tun tsakiyar azumi nake kai kaya. Wasan Sallah da ya isa aji bayan an cinye nama, sai dai mai ƙosai ta naɗe kaya da shi. Ga ɗaukewar wuta, ga tsadar tawada da takarda da ke bin dala, ga masu makarantu da ba sa biya sai iyaye sun kawo kuɗin zango.

Akwai kuma masu sayen kwafi ɗaya su je su yi hotonsa ɗari. Na daina faɗa a kan wannan. Yanzu yarjejeniyar zango nake yi da makaranta, in sa sunanta a saman takarda, in haɗa wa malami takardar amsa daban, a biya rabi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin in kunna inji.