Inda na kai a karatun hatimin kayan shayi na azurfa

'Yan'uwa masu koyo, wata huɗu ke nan da na fara tara tsofaffin kayan shayi na azurfa ƙirar Ingila, amma sai a makon nan na karanta hatimin butata ba tare da kame-kame ba. Na kifa ta a kan tawul, na goge ƙasanta da ƙyalle mai laushi, da na kanga gilashin ƙara girma sai ga tambura huɗu a jere, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba.

Akwai zaki mai tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya, wanda shi ne shaidar cewa a cikin kashi 1000 na ƙarfen, 925 azurfa ce zalla. Kusa da shi akwai ƙugiyar jirgin ruwa, alamar ofishin gwajin azurfa na Birmingham da aka buɗe a 1773; da a Landan aka gwada ta, kan damisa zan gani, da kuma a Sheffield ne kafin 1975, kambin sarauta. Sai haruffan sunan maƙerin, sai harafin da ke nuna shekarar da aka gwada ta, wanda shi ya fi ba ni wahala, domin haruffan sukan zagayo bayan shekara ashirin da 'yan kai, kuma dole mutum ya lura da salon rubutun da siffar da'irar da harafin yake ciki kafin ya tsayar da shekara. Abin da ya rage mini nisa shi ne rashin kan sarki ko sarauniya, tambarin harajin da ake bugawa daga 1784 zuwa 1890, kuma tunda ƙirar butar ba ta yi kama da ta kafin wancan zamani ba, na san bayan 1890 aka yi ta.

Kwanon sukarin ne ya sosa mini rai. Mai sayarwa ya ce mini saiti ɗaya ne, ni kuma ban duba ba saboda zanen furannin ya yi daidai da na butar. Ashe EPNS aka buga a ƙasansa, wato ruwan azurfa ne kawai aka yi wa wani ƙarfe, har gefen mariƙinsa ya fara nuna rawaya-rawaya inda yatsu suka cinye shi. Zan ci gaba da amfani da shi, amma na cire shi daga lissafin azurfa.

Saura murfin butar, wanda ya kamata ya ɗauki zaki da harafin shekara irin na jikinta. Baƙin da ya taru a cikinsa ya rufe wurin, don haka gobe zan wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ba zan dirje ba, kada tambarin ya shafe.