Skyline, Supra da hanyar da za su bi kafin su iso Yamai

A ƴan shekarun nan hirar mota a fadodin Yamai ta sauya salo. A da, in aka zauna shan shayi bayan isha'i, gardamar ba ta wuce Land Cruiser da Hilux, ko kuwa wace Corolla ce ta fi jure aikin taksi. Yanzu kuwa matashin da bai taɓa mallakar ko babur ba yana iya jero maka motocin gudu na Japan irin su Skyline da Supra da Evo da STI, ya kuma buɗe wayarsa ya nuna maka hoton wadda yake burin shigowa da ita. Ina cikin masu ƙaunar waɗannan motoci tun da daɗewa, kuma ƙaunar ce take sa raina ya ɓaci idan na ji mutum yana shirin tura miliyoyi ƙasar waje a kan suna kawai, alhali kuwa abin da ake biya wa kuɗi shi ne ƴan haruffan da ke bin sunan, da lambar injin, da kuma kasuwar da aka ƙera motar dominta.

A ɗauki Skyline, tunda ita ce aka fi ambato. Wadda ta yi suna a duniya ita ce GT-R, wadda kamfanin Nissan ya dawo da ita a 1989 a jikin samfurin R32, da injin RB26DETT mai silinda shida a jere, lita 2.6, turbo biyu (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska domin ƙara masa ƙarfi), da tsarin da ke tura ƙarfi ga tayoyin gaba idan na baya suka fara sulɓi. Ta shiga tsere 29 a gasar motocin Japan tsakanin 1990 da 1993, ta kuma lashe duka 29 ɗin, kuma ƴan jaridar Ostireliya ne suka laƙaba mata sunan Godzilla. R33 ta biyo baya a 1995, sannan R34 daga 1999 zuwa 2002. To amma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan zubi, Nissan ya ƙera wasu Skyline ɗin masu tarin yawa waɗanda ba GT-R ba ne, wasu ma masu ƙofa huɗu ne na magidanta. A zubin R34 akwai 25GT-T mai injin RB25 da turbo ɗaya, wadda tayoyin baya kaɗai ke ja, akwai kuma mai ƙaramin inji lita 2 wadda ba ta da turbo ko ɗaya. Duk suna da jajayen fitilun nan masu zagaye a baya, kuma wanda ya sayi bamba da fiffike da tambarin GT-R ya ɗaura wa ta ƙasa, zai iya ruɗin mai kallon hoto a waya cikin sauƙi.

Abin da ba ya ruɗi shi ne ƙaramin farantin ƙarfen da ke manne a cikin ɗakin inji. Motar da aka ƙera domin kasuwar Japan ba ta ɗauke da doguwar lambar nan mai alamomi 17 da muka saba gani a motocin Turai da Amurka. Lambar shasi gare ta, wadda ke farawa da haruffan samfurin. GT-R ta gaskiya za ka ga BNR32 ko BCNR33 ko BNR34. In ka ga ER34, to RB25 ce a ciki, komai kwalliyar da aka yi mata. Na taɓa tsayawa a wani gareji kusa da wani dattijon makanike lokacin da aka kawo masa wata mota da mai ita ke ta kurantawa. Bai kalli fentin ba, bai tambayi gudunta ba. Ya ɗaga bonet, ya dangwali baƙin mai da yatsa ya goge ƙurar da ta rufe farantin, ya sunkuya ya karanta, sannan ya ce wa mai motar: "Ɗana, zo ka karanta da idonka." Wannan ɗabi'a ce nake so kowane mai sha'awa ya koya, ya nemi hoton farantin kafin ya nemi hoton tayoyi.

Ko a cikin GT-R ɗin ma akwai hawa-hawa. R34 tana da V-Spec da V-Spec II da M-Spec, sannan a 2002 aka rufe zubin da Nür, wadda aka ƙera guda 1,000 da ƴan kai, da injin da aka ƙarfafa domin tsere. Dukkan R34 GT-R da aka taɓa yi ba su kai 12,000 ba. Haka lamarin yake ga Supra ta zubin A80, wadda Toyota ya fitar daga 1993 zuwa 2002: lambar shasinsu duka JZA80 ce, amma SZ da SZ-R suna ɗauke da 2JZ-GE marar turbo, RZ kuma ita ce mai 2JZ-GTE da turbo biyu, kuma wadda ta zo da giyar hannu mai hawa shida ta kamfanin Getrag ta fi mai otomatik daraja nesa ba kusa ba. Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da lambar 280 da ake gani a takardun kusan dukkan waɗannan motoci. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su bayyana ƙarfin da ya wuce doki 280 ba ga motar da za a sayar a cikin gida, shi ya sa Supra ta Japan aka rubuta mata 280, ta Amurka kuwa 320. Saboda haka gardamar da ake yi a fada da wannan lamba, wai wace ta fi wace ƙarfi, ba ta da tushe.

Batun farashi shi ne inda mafi yawan mafarkin ke tsayawa, kuma ba mu ne muke yanke shi ba. Dokar Amurka ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin ƙasar ba sai ta cika shekara 25. Skyline GT-R ba a taɓa sayar da ita sabuwa a can ba, don haka R32 ta fara halatta a 2014, R34 kuma a farkon 2024, kuma tun shekaru kafin kowace rana ta cika dillalai suka riƙa saye suna ajiyewa a Japan suna jira. Yaran da suka tashi da wasan tseren PlayStation da finafinan tsere na farkon shekarun 2000 su ne manyan ma'aikata a yau, kuma da dala suke ciniki. R34 GT-R mai lafiya ta haura dala 100,000, wato sama da miliyan 50 na sefa tun kafin ta hau jirgin ruwa, kuma Supra guda da ta fito a wani fim an sayar da ita dala 550,000 a gwanjo a 2021. Duk wanda ya turo maka hoton irin wannan mota da farashin Corolla, to ko dai ba ita ba ce, ko kuma babu ita gaba ɗaya.

Japan tana fitar da motoci masu yawa ne saboda binciken lafiyar mota na dole da ake yi bayan shekara uku da saye, sannan duk bayan shekara biyu, wanda tsadarsa ke sa mutane rabuwa da mota tun tana da sauran ƙarfi. Ana sayar da su a manyan dandalin gwanjo irin na USS, kowace da takardar da mai duba ya cike, ya ba ta maki kamar 4 ko 4.5, ya zana inda ta ƙuje da inda ta lotsa. Harafin R a wurin makin yana nufin ta taɓa yin hatsarin da ya taɓa ƙashin jikinta aka gyara, kuma a motocin gudu wannan harafi ba baƙo ba ne. Wanda ya saya ba tare da an fassara masa wannan takarda ba ya yi cinikin biri a sama. Farashin da ake rubutawa a shafukan dillalai kuma sau da yawa na bakin tashar Japan ne, bai haɗa da kuɗin jirgi da inshora ba.

Mu kuma ba mu da teku. Shekara da shekaru hanyar ita ce Kwatano, a bi ta Paraku zuwa Malanbil, a ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Gaya, a wuce Doso a shigo Yamai, tafiyar kilomita 1,000 da ɗoriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, a jerin gwano da rakiyar soja ta Kaya da Dori da Tera, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi a kan kowace mota. Bayan haka akwai kuɗin tasha, da ladan mai fito, da kuɗin duwan, da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, da takardun rajista. Ina ba da shawarar a zauna da mai fiton da aka yarda da shi, ya yi lissafin komai a rubuce, ya kuma tabbatar da abin da dokar lokacin ta ce a kan shekarun mota da ɓangaren sitiyarinta, kafin a tura ko dala ɗaya.

Sitiyarin nan shi ne abin da na fi so a tsaya a kai. Japan a hannun hagu ake tuƙi, don haka sitiyarin motocinta na gida yana dama, kuma Skyline GT-R daga R32 zuwa R34 ba a taɓa ƙera ta da sitiyarin hagu ba. A cikin gari mutum zai iya sabawa. Amma a tuna da hanyar Tawa, kilomita 500 da ɗoriya ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, mai layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, cike da manyan motocin da aka lafta wa albasa da siminti. Direban da ke zaune a dama, idan yana bayan tirela, ba zai ga abin da ke tahowa ba sai ya fitar da kusan rabin motarsa zuwa hannun masu zuwa, kuma a irin saurin da waɗannan injuna ke ɗauka, wannan ɗan lokacin ya isa a rasa rayuka. Masu cewa a mayar da sitiyarin hagu su sani cewa a injin RB26 turbo biyun suna ɓangaren hagu ne, daidai inda sandar sitiyarin za ta bi, don haka aikin yanka ne da walda a wurin da ya fi ko'ina zafi, kuma da zarar an yi shi darajar motar a kasuwar duniya ta zube.

Sai zafi da mai. An daidaita waɗannan injuna ne a kan fetur mai oktan (ma'aunin jure matsi na fetur) kusan 100 da ake sayarwa a Japan. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, a bakin hanya kuma ruwa-ruwa ne a kwalba wanda ba wanda zai rantse da abin da ke cikinsa. Injin turbo idan ya haɗu da mai marar ƙarfi a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke kai maki 45, man yana fashewa kafin lokacinsa, ƙarar da kunne ba ya ji sosai amma take cin kan fistin a hankali. Turbo ɗin GT-R na asali kuma fukafukinsa na yumɓun masana'anta ne, mai saurin juyawa amma mai karyewa idan aka ƙara masa matsi. Mazda RX-7, da injinta mai juyawa wanda ba shi da fistin irin na sauran, mota ce da nake ganin kyanta ƙwarai, amma ko a ƙasashe masu sanyi an san ta da zafi, kuma ba zan so wa kowa ita a nan ba. Ƙasan dukkansu yana kusa da ƙasa, ga yashin unguwanni, ga tudun rage gudu, ga ruwan Agusta da ke cika tituna.

Duk da haka ban ce a haƙura ba, domin akwai ƴan uwansu da aka ƙera da sitiyarin hagu. Lexus GS300 da IS300 na farkon shekarun 2000 suna ɗauke da 2JZ-GE, mai gangar jiki ta baƙin ƙarfe irin ta Supra, kuma sun cika Najeriya, don haka kayan gyaransu ba su wuce Kano ko kasuwar Ladipo ta Legas ba. Nissan 350Z da ta fito a 2002 tana da injin VQ35, dangin wanda ke cikin Murano da Pathfinder, inji ne da makanikanmu suka riga suka san cikinsa. Subaru WRX STI da Mitsubishi Lancer Evolution, wato Evo, kuwa an gina su ne domin tseren jar ƙasa da tsakuwa, inda Colin McRae ya ci kambun duniya da Subaru a 1995, Tommi Mäkinen kuma ya ci sau huɗu a jere da Evo daga 1996 zuwa 1999, kuma dukkansu an sayar da masu sitiyarin hagu a Turai da Amurka. A nan ma sai an duba haruffa: Evo GSR tana da kayan jin daɗi, RS kuwa an tsiraita ta ne domin ƴan tsere, sau da yawa ba ta da ko kilim, wato na'urar sanyaya iska, wanda a garinmu ba ado ba ne.

Yana ba ni mamaki yadda ake manta motar gudu ta Japan da ta fi kowace kusanci da ƙasarmu. Tseren Dakar ya sha ratsa Tenere da Agadas, kuma a 1997 an yi shi ne daga Dakar zuwa Agadas a koma Dakar, inda Kenjiro Shinozuka ya zama Bajapane na farko da ya lashe shi, a cikin Mitsubishi Pajero. Pajero ta ci wannan tsere sau 12 gaba ɗaya, bakwai daga ciki a jere tsakanin 2001 da 2007. Domin cika sharaɗin shiga gasa, Mitsubishi ya ƙera Pajero Evolution daga 1997 zuwa 1999, kusan guda 2,500, gajera mai ƙofa uku da faffaɗan jiki, da injin V6 lita 3.5 marar turbo wanda shi ma aka rubuta masa 280. Ita ma sitiyarinta a dama yake, ta kuma cika shekara 25, don haka masu dala sun riga sun gano ta. Wanda ya ga ana tallar ta, ya nemi V55W a farkon lambar shasin, domin gajerun Pajero na yau da kullum da aka faɗaɗa wa jiki suna da yawa a kasuwa.