Orkide a jikin randa

Wata baturiya da muka yi aiki tare ce ta bar mini su ranar da za ta bar Yamai: tukwanen roba biyu, kowace da ganye huɗu masu kauri kamar harshen sa, da dogon tsinke wanda fararen furanni suka jeru a kansa. Ta ce sunansu orkide, irin da ake kira Phalaenopsis, kuma don Allah kar in cika musu ruwa. Na ce to. Amma mutumin Tawa da ya tashi yana kallon hatsi na ƙonewa a gona, shi za ka ce wa ya hana shuka ruwa cikin watan Afrilu? Safe da maraice nake ɗura musu. Kafin sati shida ganyen ɗaya suka yi yaushi, suka tattare kamar fatar tsohuwa. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa.

Ran da na zazzage tukunyar wari ne ya fara tarbata. Babu ƙasa a ciki ko ƙwaya, sai wata irin gansakuka da aka danƙara, ta jiƙe sharkaf ta yi tsami. Saiwoyin sun ruɓe. In ka matsa ɗaya sai fatar ta saɓule, ta bar maka siririn zare. Ashe ganyen ƙishirwar gaske suke ji, don babu sauran saiwar da za ta ɗauko musu ruwan da nake ta zubawa. Waccan ta tafi. Ta biyun na iske mata saiwoyi biyar masu tauri, na yanke ruɓaɓɓun da sabuwar reza, na barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, na rantse ba za ta sake shiga tukunya ba.

Sai a lokacin na nemi sanin abin da nake riƙe da shi. A dazuzzukan da ta fito, can ƙasashen Filifin da Indonisiya da maƙwabtansu, ba a ƙasa take tsirowa ba. A kan rassan itatuwa take zama, saiwoyinta a waje, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar. Da na yi wa Inna wannan bayani sai ta taɓe baki.

"To ai kauci ke nan. Kauci ka kawo mini gida kake wa hidima?"

Na ce mata, "Inna, kauci huda icen yake yi ya sha ruwan jikinsa. Wannan aron wurin zama kawai take yi, ba ta cin komai na mai gida."

Ta ce, "Baƙo mai kunya ke nan." Ta koma kan tsince shinkafarta.

Saiwar orkide tana lulluɓe da wata fata mai kama da soso, masana na ce mata velamen. In ta bushe takan yi fari-fari kamar azurfa, in ta sha ruwa cikin daƙiƙu kaɗan ta koma kore shar. Wannan ne abin da na fi ƙauna a renon ta babu tukunya: ba ka tsoma yatsa kana canke, saiwar da kanta take faɗa maka halin da take ciki. Na samo kwalbar gilashi mai faɗin baki, na zura saiwoyin ciki, ganye a waje. Kowace safiya in cika kwalbar, in bar ta minti 20 zuwa 30, in tsiyaye tas. Da safe, ban da dare, kuma in ruwa ya faɗa tsakiyar ganye, inda sabon toho ke fitowa, sai in tsane shi da ƙyalle, don nan ne ruɓa ke kama ta ta kashe ta cikin ƴan kwanaki.

Damina ta ruɗe ni. Daga Yuli zuwa Satumba iskar Yamai na da laima, saiwoyi uku sababbi suka fito da korayen kawuna masu sheƙi, har na fara ba abokai shawara kamar wanda ya gaji abin. Da hunturu ya buso na san ban iya komai ba. A irin ranakun nan da hazo ke rufe gadar Kennedy, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ita kuwa wannan shuka sai wajen kashi 50 zuwa 70 take sakewa. Saiwar da na jiƙa ƙarfe bakwai, kafin takwas ta bushe ƙarau. Na koma jiƙawa sau biyu, sau uku, amma ni ma'aikaci ne, ba zan baro wurin aiki da azahar don in ba fure ruwa ba. Na gwada barin ɗan ruwa a gindin kwalba, duk saiwar da ta taɓa shi ta yi baƙi. Na ɗaure ta a guntun icen mangwaro na rataye a katanga, gara ta gano hanya cikin wata guda.

Inna ce ta warware, ba tare da niyya ba. Wata rana tana faɗa kan wanda ya bar randa a buɗe, sai ta ce in duba yadda gindinta ya yi kore, har ƴar ciyawa ta tsiro a ƙasa, cikin tsakiyar rani. Na tsuguna na shafa jikin randar: sanyi da danshi, amma babu ruwa kwance. Abin da nake nema da kwalba da ice wata uku, yana nan a kusurwar tsakar gidanmu tun kafin a haife ni.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Bubon, na hau hanyar Tillaberi na je garin maginan tukwanen nan na bakin kogi, na zaɓo ƙaramar randa sabuwa wadda ba a shafa mata komai ba. Sabuwa nake so domin ita ce ke tsatsafo sosai, tsohuwa ƙofofin jikinta sun toshe. Na shimfiɗa saiwoyin a kafaɗarta, na ɗaure da tsummokin tsohon zanen matata. Kar a yi da wayar tagulla, guba ce gare ta. Na karkatar da kan shukar ƙasa kaɗan yadda ruwa ba zai kwanta a tsakiyarta ba, haka ma take rataye a daji. Na cika randar, na rufe da faifai saboda sauro, na ajiye ƙarƙashin rumfa ta wajen gabas, inda hasken safe ke shigowa amma ranar tsaka ba ta kaiwa.

Tsofaffin saiwoyin ba su kama ba, wasu ma sun bushe, kuma na ga alama haka abin yake: saiwar da ta girma a wani hali ba ta cika sabawa da wani ba. Sababbin ne suka yi aikin. Da kan saiwa ya taɓa yumɓun sai ya baje, ya manne, ya bi jikin randar kamar tsaka a bango. Bayan wata biyar na kwance tsummokin, ba ta motsa ba.

Randa ma da nata sharrin. Ruwa na tsatsafowa ya bushe, gishirin da ke cikinsa ya tsaya a waje, sai ka ga fari-fari kamar kanwa, kuma duk kan saiwar da ya ci karo da shi ƙonewa yake. Na yi asarar kawuna huɗu kafin in gane. Yanzu ruwan sama nake tarawa a bidon da damina, in ya ƙare in karɓi wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ta wurin aikinmu, shi kusan babu gishiri a cikinsa. Ruwan pampo na wanke jikin randar ne, duk Juma'a. Taki kuwa ba ya shiga cikin randa sam. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalin nake narkawa, in fesa a saiwoyin bayan sun riga sun jiƙe. Tunda babu ƙasar da za ta riƙe mata abinci, ɗan kaɗan a kai a kai ya fi mata.

A bazara, in zafi ya haura digiri 42, randa kaɗai ba ta isa. Nakan shigar da ita zaure, in rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ba ta girma a lokacin, jurewa kawai take yi, kamar kowa a garin. Abin mamaki, hunturun da ya kusa kashe ta shi ne kuma ke sa ta fure: Phalaenopsis ba ta fid da tsinken fure sai ta samu makonni na sanyi-sanyi, kuma dararen Disamba da Janairu a Yamai na ba ta hakan kyauta. Matsalar ita ce tsinken na ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya buɗe, wato daidai shigowar zafi. Bara ƙunshin fure bakwai ta yi, uku suka buɗe, huɗu suka yi rawaya suka zube cikin Maris.

Bana na ƙirga tara. Na riga na gyara mata wuri a zaure, kusa da randar shan ruwa. Inna ta ce in dai zan kai ta can, to ita za ta riƙa cika mata ruwa, don ni hannuna ya cika nauyi, kuma ba ta manta yadda na kashe ƴar'uwarta ba.