Intalok ɗin tsakar gida: inci huɗu suka sa na biya kuɗin aiki sau biyu

Wurin ƙafa 12 ne da ƙafa 16, tsakanin ƙofar falo da katangar baya. Na so a shimfiɗa intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa maimakon daɓe, a kafa rumfa, a samu wurin shan iska da yamma ba tare da ƙura ba. Lissafin kaya bai ba ni wahala ba. Intalok mai inci 4 da inci 8 guda 864 ne ke rufe wurin, na sayi 910 saboda yanka da karyewa. Aka haƙa inci 8: marmara inci 4, yashi mai kaushi inci ɗaya da rabi, sauran kaurin intalok ɗin ne.

Gangara ce ta kayar da ni. Birkila ya fara daga bakin ƙofa, yana ɗora ma'auni yana gyarawa, har wuri ya kwanta sumul kamar tabarma. Ni kuma ina tsaye ina sa masa albarka. Ba wanda ya waiwayi rariyar da ke gindin katanga, ashe ciko ya rufe rabin bakinta.

Ruwan farko mai ƙarfi ya tona asiri. Ruwa ya kwanta har idon sawu, ya kwana, ya bi ta tsakanin intalok ya jiƙa yashin da ke ƙasa. Kafin sati uku gefen falo ya lotsa, in ka taka sai taɓo ya tsarto maka a wando. Danshi ya hau bango kusan taƙi biyu, fenti ya fara kumbura. Wannan ya fi ƙona mini rai, domin bangon lafiyarsa lau kafin in taɓa wurin.

Da muka ɗaga komai, daga rariya muka fara awo, ba daga ƙofa ba. Aka samo siririn tiyo mai nuna ruwa, aka cika shi, mutum ɗaya a ƙofa ɗaya a rariya, aka yi alama a bango inda ruwan ya tsaya. Daga wannan layi ake auna komai. Kowace ƙafa ɗaya a sauke kwatan inci, wato ƙafa 16 inci 4 ke nan. Inci huɗu kacal! Aka buga turaku, aka ja igiya, saman intalok na ƙarshe ya zo daidai da ƙasan bakin rariya. A wajen ƙofa kuwa muka bar shi inci 6 ƙasa da daɓen falo. In lissafin ya ƙi fita, a ƙara haƙa ko a fasa rariya a sauke ta, kada a ce yashi zai gyara.

A jikin marmara ake fitar da gangarar. Yashi kaurinsa ɗaya ko'ina, in ka tara shi gefe guda don ka ɗaga wuri, nan ne zai fara nutsewa. Marmarar ma kashi biyu muka zuba, inci bibbiyu, ana yayyafa ruwa ana dannewa. Karon farko da ƙatuwar bulo leburori suka daddaka, wannan karon na yi hayar injin dannewa na wuni guda, kuma bambancin ko a tafin ƙafa kana jin sa.

Gefen da ba bango muka ɗaure shi da kankare, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, in ba haka ba layin bakin zai riƙa buɗewa. Sai a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogi, a maimaita bayan kwana biyu. Ramukan ƙafafun rumfa a haƙa su tun kafin shimfiɗa.

Sa'ar da na ci ita ce ba daɓen siminti na yi ba, da sai an sa guduma. Duk da haka intalok wajen 60 suka karye a ɗagawa, yashin farko ya cakuɗe da laka aka zubar, ga kuɗin aiki karo na biyu. Ranar da aka gama ban sallami kowa ba sai da na sa aka juye jarka huɗu a bakin ƙofa, na bi ruwan da ido har ya fice ta rariya.