Gilashi mai ruɓi biyu: zufar ciki ta tsaya

'Yan uwa masu koyon haɗa gilashin taga mai ruɓi biyu, yau akwai albishir. Rukunin farko da ya tsallake gwajin ƙanƙara ya fito: gilashi milimita 4, ratar milimita 16 a tsakani, sai gilashi na biyu milimita 4, faɗi da tsawo mita ɗaiɗai. An cika gwangwani da ƙanƙara da gishiri, an danna a jikinsa na 'yan mintuna, an goge waje da sifirit, ciki fes. Alhamdu lillahi. Na baya duk sun yi hazo tsakanin ruɓin, inda hannu ba ya kaiwa, kuma kowanne ya ci gilashi biyu da gam ɗinsa, don idan an yanka an buɗe da wuya gefen ya tsira.

Matsalar a kusurwa take. Layin butil, wato baƙin gam mai danƙo da ake sa wa sandar da ke raba gilasan biyu, shi ne ainihin abin da ke hana danshi shiga, silikon na waje riƙe gilashin kawai yake yi, tururin ruwa na ratsa shi, argon, gas ɗin da ake cika ratar da shi, ma haka. Inda aka haɗa sanduna huɗu da 'yan mahaɗan roba, butil yakan yanke a kusurwa da kamar milimita ɗaya, ido ba ya kama shi sai an haska fitila ta gefe. Ta nan danshi ke shiga a hankali har ƙwayoyin shan danshi da ake zubawa cikin sandunan su ƙoshi, sannan zufa ta bayyana. Yanzu ana ɗumama butil, a cike mahaɗin tukuna, a zagaye layin ba yankewa, a matse har baƙin layin ya fito bai ɗaya ta cikin gilashin. Duk inda kuka ga fari-fari, bai kama ba. Kuma a guji silikon mai warin tsami, a nemi marar warin. Gam ɗin polisalfaid ya fi silikon riƙe gas in an samu, sai dai tsadarsa ta sa na yi shiru a gaban mai shago.

Su kansu ƙwayoyin, lamba 3A ake so, saboda ruwa kaɗai suke sha, ba sa zuƙe iskar da ke ciki har gilashi ya lotsa. Buhun da ya kwana a buɗe ya mutu. Ku zuba cokali biyu a ruwa kaɗan cikin kofin roba: in kofin ya yi zafi a hannu nan take, suna da rai, in shiru, a zubar. Da an cika sanduna a rufe rukunin, kada a tafi cin abinci. Shi ya sa hunturu ya fi damina daɗin wannan aiki nesa ba kusa ba.

Argon ba ya maganin zufar ciki, zafi kawai yake rage wa hanya: a ma'aunin wucewar zafi 0.018 yake, idan aka kwatanta da 0.026 na iska. Ya fi iska nauyi, don haka a tsayar da rukunin, huji ɗaya ƙasa, ɗaya sama, a sako shi sannu daga ƙasa. Ratar nan lita 16 ce. In aka buɗe silinda da ƙarfi sai ya cakuɗe da iska ya fice. A ɗauko tsantsa, ba gaurayen da masu walda ke amfani da shi mai kabon ba. Dabarar kanga ashana a hujin sama don a gane ko argon ya cika kuwa ba ta gamsar da ni ba, domin wuta na mutuwa tun argon bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali masana'anta kashi 90 cikin ɗari suke nema. Ba na'urar awo, don haka nake sako ninki biyu na ratar, sannan in toshe sama da ƙasa da butil.

Zufar waje daban ce, kada ta tayar muku da hankali. Da damina, iska mai zafin digiri 30 da danshi kashi 80 tana zubar da raɓa a kan duk abin da ya yi ƙasa da digiri 26. Ɗaki mai esi yakan sanyaya gefen gilashin ta sandar alminiyom, sai zufa ta zagaye bakin taga daga waje. Wannan yatsa na goge ta.

Saura, wajen ɗora rukunin a taga, a zaunar da shi kan 'yan tubalan roba, a buɗe hujin tsiyayar ruwa a ƙasan firam, don gefen da ya zauna cikin ruwa ba ya daɗewa.