Talata: hoton da ya ƙi tsallaka titi

Ko shayi ban gama sha ba wayata ta yi ƙara. Manajan otal ɗin da na haɗa wa talbijin ta kan layin kwamfuta makon jiya ne. "Injiniya, sabon gini ba hoto, baƙi sun fara ƙorafi." Na ce ga ni nan, Yallaɓai.

Tsarin maltikas ne. Saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tashoshi, tana tura kowace tasha sau ɗaya tak zuwa adireshin da ya fara da 239, rauta kuma, wato na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanya, ta kwafa wa duk ɗakin da ya nema. Tsohon gini lafiya lau, amma tsallaken titi allo baƙi ƙirin.

Na ɓata kusan awa biyu ina zargin suwic, na'urar da ke haɗa wayoyin ɗakuna, wai ko IGMP, hanyar neman tasha, ce ba ta isar da buƙatar akwatunan talbijin na ɗakuna. Ashe ba ruwanta. Da na buga show ip mroute a rautar sabon gini, sai na ga gurbin ƙofar shigowa an rubuta Null, wato babu. Nan jikina ya yi sanyi, don na san aikin hannuna ne.

Hanya biyu ce ta haɗa gine-ginen: sabuwar faiba da tsohon rediyon da ke kan rufi. Na kunna PIM, yaren da rautoci ke miƙa wa juna maltikas da shi, a kan faiba kaɗai, na manta da wata tsohuwar hanya da aka rubuta da hannu, mai cewa a bi rediyo in za a je wurin saba. Ita kuwa rauta tana da wata ƙa'ida da ake kira RPF: saƙon maltikas sai ya shigo ta ƙofar da ita za ta bi in za ta koma wurin mai aikowa, in ba haka ba ta watsar. Taurin kai ne, amma shi ke hana saƙo yin ta zagaye har ya toshe layi. Na goge layi ɗaya na tsohuwar hanyar nan, hoto ya dawo ana kiran azahar.

Da na tafi a nan, da na yi kuskure. Ina duba jerin maƙwabtan PIM sai na ga baƙo. Tsohuwar rauta ce da yaron da ke koyon aiki ya jona a sito yana gwaji. Kowane daƙiƙa 30 tana aika gaisuwa, tawa kuma tana amsawa hannu bibbiyu.

"Oga, wasa kawai nake yi da ita."

Ban yi masa faɗa ba, ni na bar ƙofa a buɗe. A na'urorin Cisco, mahaɗar RP, wato rautar da mai aikowa da masu karɓa ke haɗuwa a kanta, in an sanar da ita ta Auto-RP, wato shelar da rautoci ke yi da kansu, tana danne wadda ka rubuta da hannu, sai fa in ka ƙara kalmar override. Da akwatin nan ta yi shelar ita ce mahaɗa, da tashoshi sun bi ta sito.

Na zaunar da shi muka rufe tare. Muka tace maƙwabta, muka sa accept-register don saba ce kawai za ta iya aikowa, muka toshe adiresoshin shelar Auto-RP, 224.0.1.39 da 224.0.1.40, a bakin iyaka, da duk masu farawa da 239 kada su fita waje. Ɓangaren baƙi kuma na taƙaita yawan tashoshin da kowace ƙofa za ta nema.

Ina kan babur, magariba ta kawo jiki, na tuna ban adana saitin ba. Ga wutar nan tamu. Na tsaya gefen mai tsire na kira yaron: "Maza ka buga write memory, ka karanta min abin da ta ce."