Abin da 'yan gidan Wood suka koya min a aikin gareji

Ni bakanike ne, inji da ƙafa nake yi, kuma akwai wasu 'yan gida ɗaya a Amurka da nake ɗauka tamkar iyayen gidana a sana'a duk da ba su san da ni ba. Su ne Wood Brothers, masu mota mai lamba 21 a tseren NASCAR, wato tseren da ake yi da motoci masu bodi irin na motocin kasuwa. Glen Wood ne ya fara abin a 1950 a wani ɗan ƙaramin gari da ake ce wa Stuart a jihar Bajiniya, shi asalinsa mai aikin katako ne, 'yan uwansa su Leonard da Delano da Clay da Ray Lee suka kama masa, shi yana tuƙi su suna gyara, kuma tun daga lokacin har yau da motocin kamfanin Ford suke tsere.

Abin da ya fitar da sunansu shi ne tsayawar da mota take yi ana cikin tsere don a zuba mata mai a canza taya. A da mutane na ɗaukar wannan tsayawa kamar hutu ne, su kuwa sai suka lura ai duk daƙiƙar da mota ta yi a tsaye abokan hamayya gaba suke yi, don haka suka zauna suka raba aiki, wannan jak ne nasa, wancan taya, wancan mai, kowa ya san inda zai tsaya tun motar ba ta iso ba. Leonard har jak ɗin ya sake wa fasali yadda da 'yan dannawa kaɗan mota ta tashi. A 1965 aka gayyace su Indianapolis 500, wani babban tsere da ba na NASCAR ba, su yi wa direba Jim Clark aiki a motar Lotus, motar da ba irin tasu ba ce sam, suka je suka gyara yadda mai zai riƙa kwarara cikin tanki da sauri, sau 2 kawai Clark ya tsaya, duka biyun a haɗe ba su kai minti ɗaya ba, ya kuma ci tseren.

Wallahi wannan ya taɓa ni, domin duk wanda ya san garejinmu na nan ya san ba a gyaran lokaci yake tafiya ba, a nema yake tafiya. An ɗaga mota, oga na kwance a ƙasa yana ihu a miƙo masa sifana lamba 12, yaro ɗaya ya ce tana wurin wane, wane kuma ya tafi sayen abinci da ita a aljihu, sai an kwance ƙafa gaba ɗaya sannan a tuna ba a sayo bushin ba, a tura yaro kasuwa a mashin, mai mota na zaune kan benci yana ta kallon agogo. Yanzu a wurina kafin a saka jak sai kayan da za a canza sun iso, sifanu na jere kan katako, mai kwance noti daban mai wanke kaya daban. Aikin birki da ke cinye mana rabin yini yanzu kafin azahar mun sallami mai shi mun kama wani.

Wani abin kuma, ba kowane tsere suke shiga ba a shekarun da suka fi haskawa. Sun san aljihunsu da yawan hannunsu, sai su zaɓi manyan tsere su shirya musu sosai. Direbansu David Pearson a 1973 tsere 18 ya shiga ya ci 11, gaba ɗaya kuma sau 43 ya ci musu. Daga nan na samu ƙarfin halin ce wa mutum, "Alhaji ka yi haƙuri, hannuna cike yake sai jibi," maimakon in karɓi makulli mota ta yi sati tana shan ƙura.

Direbobinsu ma abin kallo ne. A Daytona 500 na 1976, wato babban tseren NASCAR, Pearson da abokin hamayyarsa Richard Petty suka yi karo a kwanar ƙarshe, motocin biyu suka daki bango suka gangaro cikin ciyawa dab da layin gamawa, injin Petty ya mutu, shi kuwa Pearson motar na juyawa da shi amma ƙafarsa na kan kuloci bai bari injin ya mutu ba, haka ya lallaɓa da motar a lotse ya tsallake layin. Mutumin da ya san inji kenan, na sha ba yarana wannan labari. A 1963 kuma direbansu Marvin Panch ya yi hatsari a wata motar daban ta kama da wuta, wani direba Tiny Lund na cikin waɗanda suka ciro shi, Panch yana asibiti ya nemi a ba Lund motarsa, Lund ya ci Daytona 500 ba a canza masa taya ko ɗaya ba.

Daga baya manyan ƙungiyoyi masu motoci da yawa da injiniyoyi suka mamaye harkar, 'yan gidan Wood suka sha wuya, a 2008 ko gurbin shiga Daytona 500 ba su samu ba, suka koma shiga wasu tseren su bar wasu. Amma a 2011 Trevor Bayne, yaro ɗan shekara 20, ya ci musu Daytona ɗin. Sai suka ƙulla da ƙungiyar Penske, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan, tana taimaka musu da fasaha, Ryan Blaney ya ci musu a filin tseren Pocono a 2017, Harrison Burton ya kawo nasara ta 100 a 2024, lokacin Glen ya riga ya rasu tun 2019. Wasu na cewa ai yanzu reshen Penske ne kawai, ni ban yarda ba, 'ya'ya da jikokin Glen ne ke riƙe da ita har yanzu. Ni ma motocin zamanin nan masu kwamfuta sai na kai wa mai na'ura ya jona ya gaya min inda matsalar take, sannan in dawo da ita garejina in kama aiki.